Gida mai araha a kudancin Buffalo: wai me tafkin nan yake yi a watan Nuwamba?

SabonBaƙo716
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sabo ne a zauren nan. A watan Agusta na iso Buffalo ta jihar New York a Amurka karatu, iyalina kuma za su biyo ni ƙarshen Disamba in Allah ya yarda. Ɗakin da nake ciki a Amherst, arewa da gari wajen makaranta, ba zai ɗauke mu ba, shi ya sa nake ta cigiyar gida. Na samu wani a Hamburg da ke kudu da gari, ɗaki biyu da falo, ya fi duk waɗanda na gani kusa da makaranta sauƙi da dala 250 a wata. Da na gaya wa wani Bature da muke ofis ɗaya, sai ya kwashe da dariya, ya ce in fara zuwa in nemi izinin tafki. Wai kudancin gari nan ne tafkin Erie yake juye dusar ƙanƙara daga tsakiyar Nuwamba, arewa kuwa da sauƙi.

Ni dai abin bai shige ni ba. Tsakanin nan da can tafiyar minti talatin ce a mota. Kamar a ce ruwa yana cin gidaje a Sabon Gari amma a Samaru ana shanya. Kuma ranar Asabar na je bakin tafkin da kaina, ruwa ne yana ta kaɗawa, ko alamar daskarewa babu. Ta yaya ruwa zai haifi ƙanƙara? Waɗanda suka riga mu zuwa ku taimaka da shawara, ranar Juma'a zan ba mai gidan amsa.

BakanoNaKurmi
Wa alaikumus salam. Ina ganin Sabon Gari da Samaru na san Bazazzagi ne. Ku da jin araha sai jiki ya fara rawa. Araha ba ta ado, yaro. Dalar nan 250 da kake hange, shebur da ciwon baya za ta tafi.

SabonBaƙo716
Bakano ne yau yake wa wani wa'azi a kan son araha? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ka bari manya su yi magana.

MamanIlham
Ƙanena, sannu da zuwa. Abokin aikin naka gaskiya ya gaya maka. Shekarata goma sha uku a Lackawanna, wato tsakanin cikin gari da Hamburg ɗin da kake magana, kuma aikin jinya nake yi, aikin da ba a cewa yau gari ya ɓaci ba zan fita ba.

Bari in ba ka labarin Nuwamban 2014. Daren Litinin 17 ga wata na tafi aikin dare, ciyawar ƙofar gidanmu a fili take. Ban sake taka gidan ba sai ranar Alhamis. Babansu Ilham ya buɗe ƙofa da safiyar Talata ya tarar da bango fari, har da zanen ƙofar ya fito a jikinsa. Ta taga ya fita. A wasu garuruwan kusa da mu abin da ya zuba cikin kwana huɗun nan ya kai ƙafa bakwai, ya fi tsayin duk wani namiji da na sani. Rufin gidaje ya rufta, an rufe babbar hanyar I-90 da motoci a kai, mutum sama da goma suka rasu, da yawansu zuciya ce ta buga suna cikin kwasa da shebur.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙawata da ke Tonawanda, arewa da gari, ta kira ni tana tambayar ko zan zo kitso. Ita rana take gani ta tagarta. Daga can in ka kalli kudu sai ka ga wani gajimare a tsaye kamar katanga, daga kan ruwa har sama, gefensa a yanke kamar da wuƙa. Ka nemi hotunan ka gani.

InjiniyaHabu
Malam SabonBaƙo, tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farkon. Rashin daskarewar tafkin shi ne matsalar, ba shi ne sauƙin ba.

Ka tuna asubar hunturu a gida, in ka leƙa rijiya ko ka jawo guga, ruwan da ɗumi har tururi yake yi, alhali hannunka ya ƙage don sanyi. Ƙasa da iska suna saurin hucewa, ruwa mai yawa kuwa yana riƙe zafin da ya tara tun bazara. To tafkin Erie haka yake a Nuwamba. Ruwansa yana nan wajen digiri 8 ko 9 a ma'aunin Salsiyos, sai iska ta taso daga arewacin Kanada da sanyi ƙasa da sifili. Tana hawa kan ruwan sai ta yi ta shan ɗumi da danshi daga ƙasa. Iskar da ta ɗumama ba ta zama, sama take yi, can ta huce, danshin ya zama gajimare, ya daskare. Tana isowa tudu sai ta sauke kayanta. Masana yanayi suna da ƙa'ida: in bambancin zafin ruwan da na iskar da ke sama da shi da kamar kilomita ɗaya da rabi ya kai digiri 13, to injin ya tashi. Shi ne abin da kake ji ana ce wa lake effect a labarai. Mu a gidanmu dusar tafki muke ce mata.

Batun me ya sa nan ban da can kuwa, ka sake duba taswirar. Tafkin dogo ne siriri, tsawonsa ya kusa kilomita 390, a kwance daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, Buffalo kuma tana zaune daidai bakinsa na gabas. In iska ta bi shi a tsaye tun daga wajen Toledo, duk tsawon nan tana ɗiba, sai gajimaren ya haɗu ya zama igiya guda. Faɗin igiyar sau da yawa bai wuce kilomita 20 zuwa 30 ba. Wanda ke ƙarƙashinta zai iya samun inci uku ko huɗu a kowace awa, wanda ke gefe ko ɗigo. In iskar ta fi karkata daga yamma, igiyar kan Hamburg da Orchard Park da garuruwan da ke kudu da su take sauka. In ta juyo daga kudu maso yamma sai ta hau cikin gari har Amherst. Iskar sanyin da ta fi yawan zuwa ta yamma ce, ga shi kuma ƙasar kudu tana da tuddai da ke ƙara tura iskar sama. Shi ke nan dalilin.

Talatu_Gwammaja
Ni daga Kano nake karanta ku, ina shan fanka. Yanzu mutum da hankalinsa ya bar gari irin namu ya je inda ake fita ta taga? Allah ya ƙara mana son gida.

InjiniyaHabu
Anti Talatu, ai ku ma kuna da irin taku. Ƙurar da za ta rufe Kano nan da 'yan makonni daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso yawancinta, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Iska abin da ta tarar a hanya shi take ɗauka ta kai wa na gaba. Taku ta bi ta kan busasshen tafki ta kawo muku hazo, tamu ta bi ta kan mai ruwa.

Talatu_Gwammaja
To hazo dai man kaɗanya da ɗan kwali sun ishe shi. Ba a taɓa haƙo motar kowa daga cikinsa ba.

DirebanTirela90
Ni hanyar nan ita ce ofis ɗina. Daga Cleveland zuwa Albany nake ɗaukar kaya, shekara tara. Yankin da na fi tsoro a duk Amurka shi ne daga Erie ta jihar Pennsylvania zuwa Dunkirk zuwa Hamburg. Kana tafe kwalta a bushe, rana tana dukan gilashi, sai ka hango farin abu a gaba. Cikin minti ɗaya ba ka ganin hancin motarka. Ba ka isa ka taka birki da ƙarfi ba, don na baya bai gan ka ba, ba ka kuma isa ka ci gaba ba, don ba ka san me ke gaba ba. Addu'ar da ban san na haddace ba ma a nan take fitowa. Bayan kilomita goma sha biyar sai ka fito cikin rana kamar mafarki ka yi.

SabonBaƙo, kai abin da za ka duba ba gidan ba ne, hanyar ce. Daga Hamburg zuwa makarantarku kullum sai ka ratsa igiyar da Injiniya ya faɗa, ko ka fito daga cikinta. Kuma malaminka da ke zaune a arewa yana ganin rana, ka ce masa ƙanƙara ta hana ka zuwa, kallon maƙaryaci zai yi maka.

Hajiya_Syracuse
Ku mutanen Buffalo akwai ku da kuka. Sau biyu ko uku za ta zubo muku a shekara, sai gidajen talabijin na duniya su taru a kanku. Mu nan Syracuse abin da muke samu a shekara ya haura inci 120, ku ko ɗari ba ku cika kaiwa ba a ma'aunin filin jirginku. Akwai ma kofin da ake ba birnin da ya fi samu tsakanin mu da ku da Rochester da Albany da Binghamton, ku tambaya wa ya fi ɗauka.

Kuma Injiniya ka manta ka gaya wa yaron nan cewa naku tafkin yana da ranar hutu. Erie ba shi da zurfi, yawanci in an shiga ƙarshen Janairu ko Fabrairu sai samansa ya daskare, tururi ya tsaya, ku huta. Namu Ontario ba ya rufewa. Mu tun Nuwamba har Maris muna ciki.

InjiniyaHabu
Haka ne Hajiya, na karɓi gyara. Matsakaicin zurfin Erie mita 19 ne kacal, shi ne mafi ƙarancin zurfi a cikin manyan tafkunan biyar, na Ontario kuwa mita 86. Sai dai ni ma in gyara miki kaɗan. Lissafin Buffalo a Cheektowaga ake ɗaukarsa, wajen filin jirgi, ba a Hamburg ba. Da a kudu ma'aunin yake da kofin nan ya sha zama a wajenmu. Kuma in ana maganar gwanaye, ku ma ƙanne ne a gaban tudun Tug Hill da ke arewa da ku. A Fabrairun 2007 garin Redfield ya samu inci 141 cikin kwana goma.

ƊanDamagaram
Don Allah ku riƙa faɗa da santimita, mu da muka yi lakwal a Nijar inci da ƙafa ba sa zama mana a kai. Na lissafa na Redfield ɗin, ya wuce mita uku da rabi. La'ilaha illallahu.

Ni ina London ta Ontario a Kanada, tafkin Huron ne namu. Abu ɗaya ne, sai dai mu iskar arewa maso yamma ce take kawo mana. Mutanen Toronto ba sa gane me muke faɗa, don su tafkinsu yana kudu da su, iska daga wajensu take bi ta tafi da shi zuwa ga Hajiya. Shawarata ga ɗan uwa ita ce taya. Na zauna a Kebek kafin nan, can doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayoyin sanyi. Robar taya ta yau da kullum in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 tauri take yi, ba ta kama ƙasa. Ka sa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da ta fara zuba layin masu gyaran taya sai ka yi sati.

BakanoNaKurmi
Ni shekarata shida da tayoyin da na sayi motar da su, ban taɓa faɗawa rami ba. Sannu a hankali kawai.

DirebanTirela90
Bakano, a wane gari kake tukuna?

BakanoNaKurmi
Chicago.

DirebanTirela90
To rufa mana baki. Kuna yammacin tafkin Michigan, iska ta bayanku take wucewa ta kai wa mutanen Grand Rapids da Kalamazoo da South Bend. Sai in ta juyo daga arewa maso gabas kuke ɗanɗanawa. Kai sanyi ka sani, ba wannan ba.

Fati_Houghton
Ina ta dariya ni kaɗai a ɗakin karatu. Ni ina can saman Michigan, a zirin ƙasar da ya kutsa cikin tafkin Superior, inda inci 200 a shekara ba labari ba ne. Amma gaskiya tamu da taku ba ɗaya ba ce. Tamu kullum ce, kaɗan kaɗan, busasshiya kamar garin rogo, gari ya saba, motocin shara sun fi na haya yawa. Ta Yaya MamanIlham kuwa a farkon sanyi take zuwa, jiƙaƙƙiya mai nauyi, lokaci guda.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in zo shi ne duhun Nuwamba. Ana mayar da agogo baya a Lahadin farko ta watan, sai ka ga magariba tun wajen ƙarfe biyar. Tafkin kuma ko bai zubo komai ba gajimare yake turowa, sai a yi sati ba a ga ƙwayar rana ba. Shekarata ta farko na ɗauka rashin lafiya ce ta kama ni, ashe kewar rana ce. Ga iska. Tsofaffin garin nan har yau suna maganar jirgin ruwan Edmund Fitzgerald da ya nutse a Superior ranar 10 ga Nuwamban 1975 da mutum 29, ba wanda ya fita. SabonBaƙo, matarka za ta baro ranar Zariya ta faɗo cikin wannan a ƙarshen Disamba da yara. Ka duba inda za ta samu mutane kusa, wannan ya fi dala 250.

MamanIlham
Fati ta faɗi magana. Amma in don mutane ne, kudu ba ta rasa ba. Nan Lackawanna cike take da Yamalawa tun zamanin masana'antar ƙarfe, ga masallaci, ga shagunan naman halal. A 2014 ɗin yaran maƙwabtanmu ne suka haƙo mana ƙofa. Gajeriyar ranar ma tana da amfaninta, duk ramuwar azumina a wannan lokacin nake yi, kafin ka ji yunwa an kira magariba.

MalamNaYola
Tunda an zo nan bari in sa baki. Duk shekara sai an tambaye ni hukuncin jam'i in gari ya rufe. Ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, ya ce wa mutane su yi salla a masaukansu, ya kuma ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan umarci ladan da haka a daren sanyi ko ruwa. Don haka ranar da hukuma ta hana fita da mota, ba jarumta ba ce ka ce sai ka je masallaci. Ka yi a gida da iyalinka. Motarka in ta maƙale a titi, motar asibiti ka tare wa hanya.

ƊanZango_Columbus
Malam Allah ya saka. Amma ni tambayata daban. Kakanninmu a Kumasi ba su san wannan ba, mu ma a Columbus sai dai mu gani a talabijin ana nuna gabashin Cleveland. Ana ta cewa duniya tana ɗumama, to me ya sa ƙanƙarar take ƙaruwa? Ni abin nan na ɗumamar yanayi ban gama yarda da shi ba.

InjiniyaHabu
Ka koma kan maganar Hajiya_Syracuse. Abin da ke kashe injin shi ne tafki ya daskare. In kaka ta yi ɗumi, ruwan ya shiga Nuwamba da zafi fiye da yadda ya saba, ya kuma makara wajen rufewa, to duk ranar da iskar sanyi ta zo za ta tarar da tukunya a buɗe. A sanyin 2023 zuwa 2024 ƙanƙarar da ta rufe manyan tafkunan ta yi ƙarancin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ɗumin ruwa da yawan dusa ba kishiyoyi ba ne, matuƙar iskar sanyin tana zuwa.

AlhajiTsohonGari
Yara kuna ta 2014. Ni na zo garin nan 1976, ina nan aka yi ta Janairun 1977, ita ce uwar duka. Lokacin ba wayar hannu, ba taswirar da ke nuna maka gajimare. Kuma a shekarar tafkin a daskare yake tun Disamba, to ina labarin cewa in ya daskare an huta?

InjiniyaHabu
Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. Ai daskarewar ce ta jawo ta, amma ta wata hanyar. Dusa ce ta taru a kan ƙanƙarar tafkin makonni ba ta narke ba, ranar 28 ga Janairu iska mai ƙarfi ta zo ta share ta ta watso cikin gari. Abin da ya sauko daga sama a kwanakin bai taka kara ya karya ba. Wato ba irin wadda muke magana ba ce, ko da yake tafkin ne dai ya yi aiki.

AlhajiTsohonGari
To, na ji. Mu da muka kwana uku a wurin aiki ba mu tsaya tambayar daga sama ta zo ko daga gefe ba.

SabonBaƙo716
Na gode ƙwarai, na karanta duka har sau biyu. Misalin rijiyar nan ya zauna mini. Ke nan in na fahimta, in haƙura da Hamburg in ƙara kuɗi in zauna arewa, shi ke nan na tsira?

Ummu_Sadiq_Cheektowaga
A'a, kada ka tafi da wannan. Tun ɗazu nake karatu ban yi magana ba, don ba na son tuna abin. A Nuwamban 2022 kudu ce ta sha, Hamburg da Orchard Park suka samu wajen inci 80, har aka mayar da wasan ƙwallon Bills, ƙungiyar garinmu, zuwa Detroit kamar yadda aka yi a 2014. Mu muka ce mun auna arziki. Bayan sati biyar, ranar Juma'a 23 ga Disamba, iska ta juyo. Wannan karon cikin gari da arewa ta hau, da guguwa mai gudun fiye da mil 70 a awa, kusan kwana biyu ba ka ganin gidan da ke kallon naka. Wuta ta ɗauke, motocin kashe gobara da na asibiti su ma suka maƙale. Mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin mota, wasu a kan titi 'yan taku kaɗan daga gida, wasu a ɗaki.

Mu Allah ne ya tsare. Dusa ta toshe bututun da hayaƙin hitar gidan ke fita ta bango, ba mu sani ba. Ƙararrawar gano iskar guba ce ta tashe mu ƙarfe uku na dare, Sadiq yana ta amai. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi. Duk gidan da za ka kama, kudu ko arewa, ka tabbatar akwai wannan ƙararrawar kuma batirinta yana aiki, ka kuma san inda bututun yake a waje. Kada a kunna janareta a gareji, kada a shigo da gawayi ɗaki kamar yadda muke yi da kasko a gida. Gidajen nan a toshe suke ruf, ba kamar namu ba.

DirebanTirela90
Allah ya ƙara tsarewa, Ummu Sadiq. Haka mota. In ka maƙale, kada ka fita yawo, ka zauna ciki. Amma kafin ka kunna inji ka fita ka share bakin salansa, ka kunna minti goma ka kashe, ka ɗan sassauta gilashi. Bargo, ruwa, dabino, ƙaramin shebur, caja, su zauna a but daga yanzu har Afrilu. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi.

AlhajiTsohonGari
Amherst ɗin ma da kake ganin tudun mun tsira ce, a Oktoban 2006 ita ta fi jin jiki. Ranakun 12 da 13 ga wata, ganye bai ma zube ba, kusan ƙafa biyu ta sauka da tsawa da walƙiya. Itatuwa suka yi ta karyewa cikin dare kamar ana harbi. Gidaje dubu ɗaruruwa ba wuta, mu sai da muka yi sati. A cikin azumi ne ma, da kyandir muka yi ta sahur.

Talatu_Gwammaja
Tsawa kuma a cikin ƙanƙara? Ku dawo gida don Allah.

MamanIlham
Ni dai ba zan ce maka kar ka kama ba, ƙanena, don ni ina nan kuma ban tashi ba. Garuruwan kudu sun iya shara, sun fi cikin gari ma, manyan tituna kafin asuba an buɗe su. Kwanakin da abin ke ɓaci a shekara ba su da yawa, sauran duk lafiya lau, ga bakin ruwa da bazara. Abin da za ka tambayi mai gidan: wa ke share hanyar shiga, shi ko kai? Akwai wurin ajiye mota a ciki? Don garuruwa da yawa a nan suna hana kwana da mota a kan titi daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu. Kuɗin gas na hita yana cikin haya ko a kanka yake? In a kanka yake kuma gidan tsoho ne, to 250 ɗin nan ka yi mata sallama.

DirebanTirela90
Ni ina nan kan bakana. Mutumin da bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, shekararsa ta farko, da mace da yara sababbin zuwa a gida su kaɗai, shi yana wancan gefen igiya? Ya zauna kusa da makaranta bana, baɗi in ya ga yadda abin yake sai ya zaɓa.

BakanoNaKurmi
Ko ya dawo Chicago, mu ba ma fita ta taga.

Fati_Houghton
Ku da iskarku take yanke kunne? Bar shi inda yake.

SabonBaƙo716
Na kira mai gidan yanzu. Shara a kaina take, hita ma a kaina, amma akwai gareji, ƙararrawar da Ummu Sadiq ta faɗa ma ya ce akwai biyu. Na roƙe shi ya ƙara mini zuwa Litinin, ya yarda. Na kira Zariya kuma, uwargida ta ce ita dai inda akwai masallaci da mata masu jin Hausa ko Larabci. Kun ga an ƙara rikita ni.

InjiniyaHabu
To ga dama ta samu. Hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi daga daren Alhamis zuwa Asabar, iskar yamma ce, kudu za ta sauka. Kada ka je ranar, ka bari sai Lahadi in an buɗe hanya, ka tuƙa daga Amherst har ƙofar gidan ka ga inda layin ya fara.

MamanIlham
In ka zo Lahadin ka biyo ta Lackawanna ka ci tuwo. Yaran naka shekarunsu nawa? Akwai takalman sanyi da rigunan su Ilham da suka yi musu kaɗan, suna nan a kwali a ƙasa.

SabonBaƙo716
Shida da uku, Yaya. Allah ya saka da alheri. Shebur ɗin fa, na roba zan saya ko na ƙarfe?